Kunnen Da Suka Ce In Cire

Sallama gare ku jama'a, da mai karanta ni a kwance a ɗaki da mai karanta ni a ɓoye a wurin aiki. Mufida ce dai ta Talata Mafara, wadda wasunku suka cika ƙasan rubutu da cewa taurin kai zai hana ni aure. Na karanta duka, har da na baiwar Allahn da ta ce a kai ni a yi mini ruƙiyya. Ku gyara zama, yau na zo muku da abin da za ku ƙara zagina a kansa.

Ga wanda yau ya fara cin karo da ni, kwamfuta na karanta, kuma ina aiki da wata ƙungiyar manoman shinkafar rani mai mutane tun daga Dosara ta Maradun har Damri da Dakko ta wajen Bakura. Kawu Sadi, wan Inna, shi ne shugaba. A ɗan ɗakin bayan ofishinmu akwai wata baƙar kwamfuta marar fuska, mu muna ce mata saba, manoma kuwa injin Mufida suke ce mata. A cikinta ake ajiye komai, har da abin da ya fi komai haɗari a ƙasarmu yanzu: wace mota za ta ɗauko shinkafa, daga wane ƙauye, da wace safiya, ta wace hanya. Wanda ya zauna Zamfara ba sai na yi masa dogon bayani ba.

Wanda ya kafa injin tun kafin a ɗauke ni aiki shi ne Surajo, kuma har yanzu daga Gusau yake kula da shi. Dogo ne, mai wushirya, mai kunyar da in dattijo ya yi masa magana sai ka rantse takalminsa yake ƙirga wa igiya. A kan injin nan muka haɗu, a kansa muka fara faɗa, daga faɗan kuma abu ya zama abu. Ina son shi, na faɗa tun yanzu kada wata ta ce dama neman hanyar gudu nake. An tsayar Asabar mai zuwa iyayensa za su kawo kayan sa rana.

A farkon girbin bana 'yan bindiga suka tare Malam Zubairu, ɗaya daga cikin direbobinmu, yana fitowa daga Dosara. Hanyar da ya bi ba ita aka saba bi ba. Da yamma aka canza ta aka rubuta a injin, da safe ya tarar ana jiransa a kanta. Motar an bar ta, shi ne aka shige da shi daji. Har yau matarsa Zakiyya takan zo ofis da goyonta ta zauna a benci, ba ta tambayar kowa komai, in rana ta take ta tashi ta tafi. Kowa ya ce ƙaddara, ni ma na ce ƙaddara, amma raina ya ƙi kwanciya. Aka dakatar da lodi, ni kuma na sa wa injin mai gadi, wata manhaja da ke sauraron duk abin da ake yi a ciki ta turo mini saƙo a waya.

Wayar ta dinga ƙara ba dare ba rana. Wata safiya muna tsintar shinkafa a tsakar gida Inna ta gaji.

"Ke wai wa ka damun ki haka? Surajo na?"

"Mai gadina ne, Inna."

"Wane irin mai gadi kuma cikin waya?"

Na ture faifai gefe na ce, "Kin san gidan hayan bakin tasha? Kowa da ɗakinshi da ƙoharshi, ba mai leƙa na wani. Haka injin yake. Kowane aiki da ɗakinshi, ana ce mishi kwantena. Amma zaure ɗaya gare su, dut mai shiga da mai hita nan zai bi. Zauren shi ne kanel. To mai gadina shi ma ɗan haya ne, yana cikin tashi kwantenar, daga can ba ya jin komi. Sai an dasa mishi kunne cikin zauren, shi ne modul. Kuma kunnen sai an ɗinka shi daidai da zauren. In anka canza zaure, sai an sake ɗinki."

Inna ta kalle ni ta ce, "Ashe gulma anka ɗauke ki aiki ki yi. Da kin hwaɗi tun farko, ai da maƙwabciyarmu ta hi ki cancanta."

Bayan wani lokaci wayar ta yi tsit. Da farko har daɗi na ji, na ce injin ya samu lafiya. Sai Kawu ya sanar za a koma lodi, kuma motar farko ta Ya Mujahid ce, wanda nake bi a ɗakinmu. Shi ya koya mini keke, shi ya rinƙa kai ni makaranta a babur lokacin da ake cewa karatun ya isa haka, shi kaɗai ke kirana Injiniya ba da gatse ba. Ranar Litinin na shiga kwantenar lodi da hannuna na rubuta: Mujahid, Dosara, Laraba da safe, da hanyar da zai bi. Na rufe, na miƙe zan sha ruwa, sai na lura da wani abu. Wayata ba ta yi ƙara ba. Mai gadin nan ko ni na shiga sai ya kai ƙarata wurina, haka na tsara shi.

Na duba kwantenarsa, tana nan kore shar, wai tana aiki. Na ƙara tonawa, sai ga lambar kanel ta canza. An sabunta shi daga nesa, sannan a zafin nan da batirin sola ya ƙare injin ya mutu ya tashi, ya tashi da sabon zaure. Tsohon kunnena bai shige shi ba. Duk kwanakin da nake murnar shiru, kurma ne ke yi mini gadi yana murmushi.

Na ɗauki waya na rubuta wa Surajo: "Kai ka sabunta kanel?"

"Haba amarya, ko gaisuwa babu?"

"Ina wuni. Kai ka sabunta kanel?"

"Ni ne. Ai aikina ne."

"Modul ɗina bai hau ba. Gobe zan gina sabo."

Na ga yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa, ya sake tsayawa. Can saƙo ya shigo mai tsawo. Wai in bar shi haka. Wai na sani sarai in modul ya yi kuskure ba kwantena ɗaya ce za ta faɗi ba, injin gaba ɗaya zai sume. Wai gobe kasuwa, ofis zai cika da manoma masu duba layin ruwan gonakinsu. Kuma kwantenar da aka ba izinin taɓa kanel ita kanta ƙofa ce babba, in ɓarawo ya same ta ya samu gida duka. Abin haushin, babu ƙarya ko ɗaya a maganarsa.

"Bari sai bayan Asabar mu zauna mu duba tare," ya ƙara.

"Motar Ya Mujahid Laraba za ta fita, ba bayan Asabar ba."

Amsar da ya ba ni hoton takalma ne kala biyu na lefe, da sitikar zuciya, da tambayar wanne na fi so. Ban san lokacin da na yi tsaki ba har mai shara ya waiwayo.

Na dawo gida da la'asar na tarar da Yaya Bawa, babban wanmu, zaune a kujerar Baba. Tun da Baba ya rasu shi ne uba a gidan, kuma ba zan yi masa ƙarya ba, ya riƙe mu. Ɗan kasuwar hatsi ne, Mafara da Damri duk an san shi. Amma mutum ne da ko lambar waya sai ya miƙa wa masu shagon caji su adana masa, don haka da na ji ya buɗe baki da maganar injin sai da na kusa sakin jakata.

Na durƙusa muka gaisa, ya tambayi gajiya, ya tambayi aiki, ya tambayi zafi, sannan ya gyara murya.

"Mufida, an ce mijinki ya hana ki abu kin ce sai kin yi."

"Ba a ɗaura ba tukuna, Yaya."

"Kin ji ta ko, Inna? Kin ji bakin?" Ya juyo gare ni. "Yaron ga ya riga ki sanin injin ga. Shi yak kafa shi. In yac ce a bari, a bari. Mi kike nema ki ji ne wai? Mutanen ƙungiya ɓarayi na?"

"Ban ce ba. Amma in ba ɓarawo, mi za a ji tsoro don an saurara?"

Inna ta fito daga ɗaki da turaren wutar da take haɗawa na Asabar, hannunta duk hawin turare. "Ke Mufida, ki ji tsoron Allah. Sa'o'inki dut suna da ɗiya biyu uku. An samu yaro mai hankali, mai kunya, ɗan mutunci, za ki tsaya kina ja da shi kan ƙarhe? In injin ga yam mutu ranar kasuwa, kawunki za ki kunyata, mijinki za ki kunyata. Ki cire kunnen ga ki huta, mu ma mu huta."

"Inna, kunnen ma ai ba ya ciki. Maida shi za ni yi."

"To kar ki maida!"

A raina na ce lallai Surajo, tun ba a kai ko'ina ba har ka fara kai ƙarata gida. Abin ya ci mini rai ƙwarai. Na ɗauka duk zafin Yaya na son auren ne, don shi da Surajo kamar a haɗiye juna, duk zuwansa gari sai ka gan su a shago ana shan lemo.

Ya Mujahid na gefe a kan turmi yana cin gyaɗa, bai sa baki ba sai da Yaya ya fita yana faɗa. Ya matso ya zuba mini gyaɗar a tafi.

"Injiniya, ke dai hwaɗa min gaskiya. Hanyata lahiya?"

Na so in ce lafiya lau, bakina ya ƙi. Na ce, "Ban sani ba, Yaya. Abin da ya sa nike son kunnen ke nan."

Ya yi 'yar dariya, amma ba ta kai ido ba. "To ki sa shi. In sunka kore ki aiki, ina neman kwandasta."

Ranar Talata na saka atamfata mai ruwan goro da hijabi baƙi, na bi ta bayan kasuwa saboda cunkoson amalanke da masu awaki. Ofis ya riga ya cika. Dattawa da carbi a hannu sun yi layi a gaban tagar akawu, kowa na son jin ranar da ruwa zai shiga gonarsa, kuma duk daga injin ake karanto musu. Na shige ɗakin baya na murza makulli. Izinin taɓa kanel ina da shi tun ranar da aka ɗauke ni aiki, ba na Surajo ba ne balle ya hana ni.

Kafin a ɗinka sabon kunne sai an sauko da ma'aunin sabon kanel daga intanet, ga sabis na ranar kasuwa yana tafiya kamar tsohuwa mai ciwon gwiwa. Na jira, gumi na bin bayana. Da ya sauko na sa kwantenar ta gina modul, ta yi ta zuba rubutu, sai ta tsaya da ja. Ma'aunin da na sauko da shi na ƙanen kanel ɗin ne, lamba ɗaya ta bambanta su. Na ce wa injin, "Kai ma ka shiga layin su Yaya ko?" Na nemo na daidai, na sake. Wannan karon ya ginu.

Saura dasawa. Na ɗora yatsa a kan maɓalli na kasa dannawa. In na yi kuskure kwamfutar akawu za ta mutu a gaban dattawan nan, labari ya kai Bakura wurin Kawu kafin azahar, Surajo ya zama mai gaskiya, ni kuma in zama yarinyar da ba ta jin magana har ƙarshen rayuwata. Tsoro na ji, na gaske. Sai na ɗaga kai na hango benci ta taga. Zakiyya ce zaune tana yi wa jaririnta fifita da gefen mayafi.

Na yi bisimilla na danna.

Fankar injin ta ci gaba da hurawa. Daga waje na ji akawu na cewa, "Malam, naka ruwan jibi ne." Babu abin da ya mutu. Na shiga kwantenar lodi don gwaji, kafin in ɗauke hannu wayata ta yi ƙara: an shiga, mai shiga Mufida. Wallahi saura kaɗan in rangaɗa guɗa ni kaɗai a ɗaki. Ban gaya wa kowa ba, na kashe fitila na tafi gida cin tuwo.

Bayan la'asar Inna ta faɗo ɗakina tana haki. Surajo ya zo daga Gusau ba sanarwa, yana falon baƙi. Ta ciro mini leshina ruwan toka da kanta, ta tsaya a kaina sai da na sa kwalli, ta bi ni da kasko har ina tari. Ta miƙo mini tire da kwanon furar da ta dama da nonon Fulanin Dakko, ta riƙe hannuna ta ce, "Ki yi magana a hankali. Ki ba shi haƙuri ko ba ki yi komi ba."

Yana zaune a kan kafet cikin shadda ruwan ƙasa, hula ta zauna daram, ƙamshinsa ya cika falon. Zuciyar banza sai da ta yi tsalle. Muka gaisa, ya hanya, ya su Hajiya, ya zafi, ya aiki, har gaisuwar ta ƙare babu sauran abin tambaya. Ya kife wayarsa a kan kafet ya ɗauki ludayi.

"Mufi, na zo ne mu fahimci juna. Ba na son Asabar ta same mu da ɓacin rai."

"Shi ya sa ka kai ƙarata wurin Yaya?"

"Ba ƙara ba ce. Hira ta kawo."

"To hira ta makara. Na dasa shi tun da hantsi, kuma injinka bai sume ba."

Ludayin ya tsaya a tsakanin kwano da bakinsa. Na zaci fushi zan gani. Abin da na gani tsoro ne, irin na wanda aka ce masa ga maciji a bayanka.

"Ki cire shi. Don Allah, Mufida. Kwana kaɗan kawai."

"Saboda mi?"

Kafin ya amsa wayata ta yi ƙara a cinyata. Na duba. An shiga kwantenar lodi. An buɗe fayil ɗin hanya. Mai shiga Surajo.

Na karanta, na ɗaga kai na dube shi. Hannunsa na dama na riƙe da ludayi, na hagu na kan gwiwa, wayarsa na kife, laftof ɗinsa ko zuwa da shi bai yi ba. Na juya masa fuskar wayar.

"Ga ka nan gabana kana shan fura, ga ka can kana karanta hanyar Ya Mujahid. Wanne ne kai?"

Ya ajiye ludayin, fura ta ɗiga a shaddarsa bai ma lura ba.

"Wa ka ba mabuɗinka na shiga injin, Surajo?"

Ya sunkuyar da kai, wannan kunyar tasa da kowa ke yabo. Da ƙyar na ji muryarsa. "Yaya Bawa."

Ya ce tun kafin girbi ne, a shago, a gaban mutane. Yaya ya ce yana so ya riƙa sanin ranar da shinkafa za ta iso don ya shirya masu sayensa kafin sauran 'yan kasuwa, ai ba wani abu ba ne tunda an kusa zama ɗaya. Shi kuma ya rubuta masa mabuɗin da yadda ake shiga.

"Ya zan yi? Wan matata ne. Ina neman aure gidansu, ya roƙe ni abu a gaban jama'a, in ce a'a?"

"Da anka ɗauke Malam Zubairu hwa? Mi ya hana ka canza mabuɗin?"

"Na canza. Ya kira ni ya ce abin ya daina buɗewa, ko na daina yarda da shi ne. Sai na ba shi sabon. Na ce wa kaina abin Malam Zubairu dacewa ce kawai. Da kika sa mai gadi na san in an koma lodi zai nuna, sunana zai fito, na Yaya ya fito, auren ya watse. Shi ya sa na sabunta kanel ban gaya miki ba. Na san kunnen ba zai hau ba."

Ban taɓa jin zafin mutum kamar yadda na ji nasa a lokacin ba, kuma abin da ya fi ƙona ni har lokacin ina son shi. Na ce, "Yaya ko saƙo bai iya rubutawa ba. Kana jin shi ne ke shiga kwantena?"

Ya maida idonsa kan kwanon furar. Na ga a fuskarsa cewa ya daɗe yana guje wa wannan tambayar.

Na tashi da gudu, leshi na harɗe ni, na ɗauko laftof ɗina na dawo na zauna a ƙasa. A gabansa na kashe mabuɗin nasa, na kori wanda ke ciki. Na kira Ya Mujahid. Ba ta shiga. Na sake kira, na sake, matar nan ta kamfani na ta gaya mini ba a samun shi.

"Ya tahi tun bayan azahar."

Inna ce a bakin ƙofa, ta riƙe labule da hannu ɗaya. Ban san tun yaushe take tsaye ba, amma fuskarta ta nuna ta ji abin da ya ishe ta. "Yac ce can Dosara zai kwana, don ya yi lodi da wuri."

Daidai nan babur ɗin Yaya Bawa ya shigo zaure. Ya yi sallama da fara'a, rungume da huhun goron Asabar, yana cewa, "Ango, ashe kana ciki! Zo ka ga goro ɗan daushe, ban bari sun cuce mu ba."

Na miƙe. Ban durƙusa ba, karo na farko a rayuwata.

"Yaya, wa kab ba mabuɗin Surajo?"

Ya dubi Surajo, Surajo na duban kafet. Ya ɗaga murya, "Ke! Ni kike tsarewa da tambaya? Don kin yi boko..."

"Bawa." Inna ba ta ɗaga murya ba ko kaɗan. "Amsa mata."

Ya sauke huhun a hankali. "Sufyanu na, mai shagon caji a Damri. Shi ka duba min. Yaron kirki ne, Inna, kasuwa kawai..."

"Shi kaɗai ka gani?" na tambaya. "Ko akwai wanda yake hwaɗa ma bayan kai?"

Ya dubi huhun goron. "Ban sani ba."

"To ɗazun ga anka buɗe hanyar Ya Mujahid. Ya kuma riga ya tahi, wayarshi ba ta shiga."

Na sha ganin Yaya cikin fushi, ban taɓa ganinsa cikin tsoro ba sai ranar. Ya dafa bango ya zame ya zauna a ƙasa yana salati. Ba mugu ba ne, na sani. Riba ya hango, bai hango ƙanensa a kan hanya ba. Amma ban ji tausayinsa ba a lokacin, kuma ba zan yi muku ƙaryar na ji ba.

Inna ta tako ta zauna kusa da ni a kan kafet, ita da ba ta taɓa zama a falon nan in surukinta na ciki ba. Ta karɓi wayata ta riƙe da hannu biyu.

"Kunnen ga naki, yana nan ciki har yanzu?"

"Yana nan, Inna."

"Kar ki kuskura ki cire shi. Kira min kawunki."

Surajo ya ɗago da sauri. "Inna, don girman Allah a bari sai bayan Asabar. In Kawu ya ji..."

Wayar ta yi ƙara a hannun Inna, duk muka zabura. Sunan Ya Mujahid ne. Na danna sifika.

"Injiniya, mi ya faru kinka cika min waya da kira? Ga ni Maradun, taya tay yi faci tun ɗazu, ban ko kama hanyar Dosara ba."

Inna ta kai wayar bakinta kamar za ta cinye ta. "Mujahid, juyo gida. Yanzu. Ko da ƙahwa ne ka taho." Sai ta fashe da kuka, ni ma na bi ta, kwallin da ta tilasta mini sawa ya gangaro har haɓa.

Da muka natsu na kira Kawu Sadi na gaya masa komai, da sunan Sufyanu, da na Yaya, da na Surajo, ban rage ko ɗaya ba, su biyun suna zaune suna ji. Kawu ya gama ji, ya ce kada kowa ya bar gidan, ga shi nan tafe daga Bakura.

Surajo ya matso kaɗan, idonsa ja. A hankali ya ce, "Mufi, Asabar fa?"

Na dubi wushiryar nan da ta sa ni rashin barci watanni, na dubi huhun goron da ke yashe a bakin ƙofa.

"Gobe ka zo ofis," na ce. "Akwai wata mata da ke zama a benci da goyo, sunanta Zakiyya. Ka zauna kusa da ita ka yi mata bayanin kunyar da ta hana ka cewa a'a. Ranar da mijinta yad dawo gida, ka zo mu yi maganar rana."

Na ɗauki tiren da sauran furarsa na fita, Inna ta ɗage mini labule.